Dabinon Baba

Shafi na 23

Masu turo min saƙo cewa na bar Direba a tsaye a bakin ƙofa na tafi sabgata, ku kwantar da hankalinku, ba abin da ya ci shi. Yana nan inda muka bar shi, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

Muryar Baba ce ta tsayar da shi daga kan tabarma.

"Direba, dakata. Yau tare za mu."

Direba kowa ke ce masa, har da mahaifin nasa, wanda tun ranar da ɗan ya samu tuƙin motar ma'aikata a kamfanin katifa bai ƙara kiransa da wani suna ba. Abin da Baba bai sani ba, kuma Direba zai iya rantsuwa matarsa Maman Biyu ma ba ta sani ba, shi ne kamfanin ya sayar da motar tun kafin a ga watan azumi, ya sallami mai tuƙa ta da dogon jawabin godiya da matashin kai guda ɗaya. Duk da haka kullum da safe sai ya saka shuɗiyar rigarsa ta aiki, ya fita da sauri kamar ana jiransa, ya je tasha ya zauna a benci yana sauraron direban da ciki zai murɗa wa ko barci zai kayar, ya karɓi motarsa ya yi masa zuwa ɗaya. Ɗan abin da ya samu gida yake kawowa gaba ɗaya. Bakinsa kuwa a masallacin tasha yake buɗe shi, cikin matafiya da 'yan dako, inda ake miƙa wa kowa robar abinci ba a tambayi daga ina yake ba. Dabararsa ke nan, baki ɗaya ya ragu a tukunyar gida.

Kwanan nan ma har ƙari ya samu. Mai Rabo, mutumin da ke raba abincin, ya fara cusa masa roba ta biyu a baƙar leda. Ita yake shiga gida da ita bayan asham, ya ce a hanya ya saya wa yara. Maman Biyu takan karɓa hannu biyu ta ce Allah ya ƙara buɗi, ta ƙwala wa tagwayen 'yan matan nata kira su zo Babansu ya kawo tsaraba.

Da aka tambaye shi me ya raba shi da masallacin unguwa, cewa ya yi karatun limamin can ne ya kama masa zuciya.

To wannan maganar ce ta biyo shi har bakin ƙofa yau, ranar hutu da ya wuni a gida sai da yamma zai fita.

Baba ya zo gidan ne jiran aikin ido. Yanar ido ta rufe masa duka biyun, haske da duhu kawai yake bambancewa, haƙora kuma sun riga idon tafiya. Amma kunne da hannu suna nan garau, da su yake gudanar da gidan daga kan tabarmarsa. Tun farkon azumi Mai Shago, maƙwabcinsu, ke riƙe masa hannu zuwa masallacin layi, inda kowane gida ke fito da abin da ya sawwaƙa a zube a ci tare. Shekara da shekaru jar kular gidan Direba ce ke fara isa wurin, cike da shinkafa har murfin ba ya rufuwa da kyau. Bana tana saman kabad, an ɗora mata tsofaffin littattafan yara.

Baba ya ce jiya da aka sallame asham Liman ya riƙe masa hannu ya daɗe bai saki ba, yana tambaya ko wani a cikinsu ya ɓata wa Direba rai ne. Ladan kuma ya ce shi kam ba Direban yake kewa ba, jar kular yake kewa, aka yi dariya. Shi ma Baba ya yi, don ba a yi wa tsoho zama fuska a ɗaure ana dariya. Amma maganar ta tsaya masa a rai.

"Na ce musu wani karatu ka samo. Suka ce wane iri ne. Na rasa ta cewa. To yau zan je in ji da kunnena, gobe in samu abin faɗa."

Direba ya ajiye takalmin da ke hannunsa a hankali.

Limamin masallacin tasha, Allah ya ba shi lada, tsoho ne mai tari, muryarsa kamar ana jan benci a kan siminti, kuma gajerun surori yake yi a guje saboda rabin sahun motarsu na jira. Ko 'ya'yan cikinsa ba za su ce karatunsa ya raba mutum da unguwarsu ba. Wannan kenan, balle a zo ga maganar zama a layin masu karɓa.

Sai Direba ya tsuguna gaban mahaifinsa ya shiga tallan masallatai.

Ya fara da babban masallacin bakin titi. Ya ce akwai na'urar sanyi, akwai darduma mai laushi da ƙafa ke nutsewa, har kujeru suka jera wa dattawa a sahun gaba. Baba ya ce ya sani, Mai Shago ya taɓa kai shi. Sanyin ya shige masa gwiwa ya kwana yana shafa mai, limamin kuma in ya tsaya ba ya tuna akwai ruku'u sai mutum ya fara tunanin abin da za a ci da sahur.

Ya koma kan masallacin 'yan katako. Ya ce ga shi kusa, ba tsallaka titi, kuma suna ba da shayi mai kauri da burodi. Baba ya ce a can aka ɗauke wa Ladan takalmi ya dawo gida da silifas ɗin banɗaki, lasifikarsu kuma sai ta bari an kai tsakiyar Fatiha take fara kuka.

Ya ce to su je na layi mana tare, shi ma yau ya gaisa da Liman, a kashe maganar. A ransa ya gwammace ya sha tsiyar Ladan sau goma.

"Ka je hannu rabbana, su ce mun zo cin nasu?" in ji Baba. "A'a. Inda kake zuwa nan za ni."

"Baba, da nisa fa."

"A ƙafa kake zuwa?"

"A'a."

"To."

A nan ne Maman Biyu ta leƙo daga ƙofar kicin, wuƙa a hannu ɗaya, albasa a ɗayan. Ba ta daɗe da dawowa daga gidan Yayarta ba, inda take wuni tun da azumi ya kama, wai ƙafar Yaya ta kumbura ba mai taya ta aiki. Kullum da warin hayaƙin itace take dawowa. Direba ya taɓa tambaya, ta ce gas ɗin Yaya ne ya ƙare ba a sake cikawa ba. Ba mace ba ce mai tsoma baki in uba da ɗa suna magana, shi ya sa duka biyun suka juyo da ta yi gyaran murya.

"Baba, da dai kun haƙura da can ɗin."

Ta ce matakalar shiga tana da tsayi kuma ba abin riƙewa. Ta ce famfon alwala ɗaya ne ke kawo ruwa, ƙasansa kuma santsi ne da shi, mai ido ma sai ya yi da gaske. Ta ce a tsakar gidan masallacin ake zama a kan tabarmi, simintin ya wuni yana shan rana, zafin har ta tabarmar yake fitowa. Direba sai gyaɗa kai yake yana cewa ƙwarai, ƙwarai, haka ne. Murnar samun mataimaki ta hana shi tsayawa ya yi tunanin komai.

Baba ya saurare ta har ta gama, kansa a karkace.

"Ikon Allah. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa jin bakinku ya zo ɗaya ba, ko a kan gishirin miya. Miƙo min sandata, 'yata."

Ta miƙa masa. Ta tsaya jim, sai ta koma kicin da sauri ta fito da ƙaramar leda a ƙulle.

Dabinon Baba ne. Tun ranar da ya gartsa wa ƙwallon dabino haƙorinsa na ƙarshe, ba ta ƙara ba shi dabino yadda Allah ya halicce shi ba. Sai ta jiƙa a ruwan ɗumi ya yi laushi, ta tsaga gefensa da ɗan almakashinta, ta zare ƙwallon, ta cire hular kan, ta mayar ta rufe, sannan ta danna da babban yatsa ya zauna daram. Ko tagwayen sun san ba a taɓa wannan kwanon.

Ta durƙusa ta saka masa ledar a aljihu da hannunta.

"Ga naku nan, Baba. Kada ku ci na can, don Allah. Naku za ku ci."

Da Direba ya zo wucewa ta gabanta ta ce ƙasa-ƙasa, "Baban Biyu, ka kula. Nasa kawai." Ba ta dube shi ba. Ya ga wani sabon tabon ƙuna a wuyan hannunta na hagu, ya ce a ransa in ya dawo zai tambaya.

A motar haya Baba ya yi ta hira da na kusa da shi, yana ba shi labarin ɗansa da ke tuƙa manyan ma'aikata, wanda tun da ya kama sitiyari ko kaza bai taɓa takawa ba. Direba ya maida fuskarsa taga. Addu'a ɗaya yake yi, Allah ya sa limamin yau tarin ya kwantar da shi wani ya ja sallar. Sai ya tuna wata mai alfarma ake ciki, ya janye addu'ar, ya nemi gafara.

Suna sauka a bakin tasha Dogo, wani direban doguwar hanya, ya hango shi daga ƙarƙashin motarsa ya ɗaga murya, wai yau ba su gan shi a benci ba, ko ya samu ne. Direba ya ɗaga masa hannu ya ƙara sauri, yana jan Baba.

"Wane benci?" in ji Baba.

"Na masallaci. Tsohon abokin aiki ne, surutu gare shi."

Matakalar tana da tsayi, ba abin riƙewa. Famfo ɗaya ne ke kawo ruwa. Baba ya yi alwala Direba na riƙe da kafaɗarsa saboda santsi, da ya gama ya ce lallai 'yarsa ba ta faɗi ƙarya ba.

Tsakar gidan ya riga ya fara cika. Tabarmi a jere layi-layi, mutane a zaune kafaɗa da kafaɗa, kowa da jakarsa tsakanin ƙafafu. 'Yan dako da rigunansu a jiƙe, wani mai kayan gwari da ya yi barci a zaune, matafiya suna ta duban agogo suna duban sama. A nan ba a zuba abinci a faranti ɗaya kamar na layi. Masu kawowa ta ƙofar baya suke shiga, ba a ganinsu. Masu ci su ne a tabarma. Direba ya nemi can ƙarshen layi kusa da bango, inda ya saba zama kansa a ƙasa, ya zaunar da Baba, ya zauna ya kare shi da jikinsa kamar hakan zai hana a gan su.

Baba ya shafa tabarmar, ya shaƙi iska, ya ce wurin akwai jama'a. Ya tambayi ina limamin. Direba ya ce bai fito ba tukuna. Daga cikin masallacin aka ji wani dogon tari, Direba ya yi kamar bai ji ba.

Sai ga Mai Rabo ya taho da kwandonsa a kafaɗa, tawul a wuya, yana ajiye wa kowa roba da ledar ruwa yana cewa a matsa, a matsa, kowa zai samu. Mutum ne mai jiki da fara'a, bakinsa kuma ba ya hutawa ko da azumi. In ya san abu, to tabarma uku sun sani.

"A'a, Direba. Yau da baƙo?"

"Mahaifina ne."

Mai Rabo ya sauke kwandon ya rusuna ya gaida Baba, ya tambayi ibada, ya tambayi jiki. Ya ajiye wa Direba robarsa. Har ya ɗauko ta biyu zai miƙa wa Baba sai ya fasa, ya ce af, na Baba daban ne. Ya juya ya jawo wani ƙaramin kwando da ke rataye a bayansa. Ya ce mai yi musu girki bana ita ta ɓullo da wannan, ba wanda ya sa ta. Na tsofaffi take warewa, shinkafar ta fi laushi, naman a yayyage, don ta ce ba kowane mai azumi ke da abin tauna ba.

"Ya zo da nasa," in ji Direba da sauri. "Ka bar shi kawai."

Amma Baba ya riga ya miƙa hannu biyu.

"Ba a miƙo wa mutum abu a ɗakin Allah ya ce ya ƙoshi. Allah ya ba da lada, Malam."

Mai Rabo ya yi gaba da rabonsa.

Rana ta kusa faɗuwa. Hayaniyar wurin ta fara kwantawa, kowa ya buɗe robarsa ya ajiye a gabansa yana jira, wasu suna motsa baki da addu'a. Baba ma ya ɗora tasa a cinya ya ɓalle murfin. Yadda ya saba, ya bi abin da ke ciki da yatsu don ya san me ke ina. Ya taɓa gefen shinkafar, ya taɓa naman, ya kai kan dabinon da aka jera a kusurwa.

Hannunsa ya tsaya.

Ya ɗauki ɗaya ya juya shi tsakanin yatsu. Ya bi gefensa da farce. Ya daɗe yana haka. Sannan ya cusa ɗayan hannun a aljihu, ya fito da ledar gida, ya kwance ta da ƙyar, ya zaro ɗaya. Na gida a hagu, na masallaci a dama. Ya yi ta murza su, sai wata 'yar dariya ta kuɓuce masa ta hanci.

"Ba ni hannunka."

Direba ya ba shi. Baba ya kama babban yatsansa ya ɗora a tsakiyar dabinon gida, inda ya ɗan lotsa. Ya ɗauke ya ɗora a na masallaci. Lotsawa iri ɗaya, a wuri ɗaya.

"Wannan hannun 'yata ne."

"Baba, ai mata da yawa suna cire ƙwallon dabino."

"Da wuƙa suke cirewa, ko su yage da hannu. Wannan almakashi ne. Ji bakin yadda ya tafi sumul. Kuma daga wannan gefen aka shiga, bahaguwa ce ta yanka, irin 'yata. Ni za ka koya wa abin da nake ci kullum?"

Direba ya dubi dabinon. Shi da idonsa biyu, da shekarun da ya yi yana cin girkin matar nan, kullum yana zaune a tabarmar nan yana cusa shinkafarta kansa a ƙasa, bai taɓa jin komai ba sai yunwa. Maza kenan. Yanzu kuwa komai ya taho masa lokaci ɗaya. Gidan Yaya. Hayaƙin itace. Ƙunar wuyan hannu. Famfo ɗaya da ke kawo ruwa, wanda macen da ba ta taɓa taka wurin ba ta san da shi. Da robobin da yake kaiwa gida, waɗanda takan wanke tas ta kife, da safe kuma ba ya ƙara ganinsu.

Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, har cikin ƙashinsa.

Baba kuwa fuskarsa ta washe. Ya matso da bakinsa kusa da kunnen ɗansa, wai don kada na kusa su ji.

"Ashe nan kuka maido kular."



Baba ya ce yanzu ya gane. Ya ce dama tun da suka haɗa baki suna hana shi zuwa ya san akwai magana. Ashe sadakarsu suka ɗauke daga inda ake yabonsu suka kawo inda ba wanda ya san su, ita tana dafawa, shi yana kawowa, sannan ya zo ya zauna cikin bayin Allah kamar ba shi ba. Ya ce ya bar shi yana ta jin nauyi a gaban Liman, ashe abin alfahari ne a ɓoye. Ya ce ba zai faɗa wa kowa ba, ko Mai Shago, don kada ya rage musu lada. Ya ɗora hannu a kan ɗan nasa ya shiga sa albarka, ya sa wa aikin, ya sa wa motar, ya ce Allah ya tsare ta daga ƙarfen hanya, ya ƙara wa masu kamfanin arziki tunda ta hannunsu abin ke fitowa.

Ga ƙofa a buɗe, ba ma shi ya buɗe ta ba. Kalma ɗaya kawai ake nema a wurinsa, a tashi lafiya, Baba ya koma gida da farin ciki.

"Amin," in ji Direba. Da ƙyar ta fito.

Da a nan aka tsaya da shi ke nan. Amma Mai Rabo ya gama zagayensa, kwandon ya zama wayam, ya dawo ta ƙarshen layi yana share wuya da tawul. Ya sunkuya ya ajiye baƙar leda a gefen ƙafar Direba.

"Ga na yara, kada in manta. Yau ma sai da mai girkin ta ja min kunne kafin ta tafi."

Direba ya ɗaga ido yana roƙonsa da kallo. Mai Rabo bai iya karatun ido ba.

"Wace mai girkin?" in ji Baba, yana murmushi, irin na wanda ya san amsa.

Ai kuwa kamar jira yake. Ya tsuguna a kan dugadugansa ya ce wata baiwar Allah ce masu kula da masallacin suka ɗauka aikin girki bana. Ita ta kawo kanta neman aikin ana saura kwanaki a fara azumi, ta ce maigidanta aiki ya tsaya masa, ga yara, ga suruki ba lafiya. Tun hantsi take zuwa ta tsaya a kan manyan tukwanen nan har la'asar, da azumi a bakinta, ba ta taɓa cewa wash ba. Ya ce shi dai bai ga mace mai haƙurinta ba.

Murmushin Baba yana nan, amma ya daina motsi.

Mai Rabo ya ci gaba. Ya ce wata rana itace ya jiƙe, abinci ya makara, har mutane suka zazzauna tana bayan masallaci. Sai ta hango Direba ta tagar kicin. Ta daɗe tana kallo. Daga nan ta kira shi ta ce mai shuɗiyar rigar can a riƙa ba shi biyu, a cire a nata rabon.

"Na ce mata ai ɗaya ake ba kowa. Ta ce ta sani, amma wannan yana da iyali, kada ya shiga gida hannu rabbana yara su gani. Na ce kin san shi ne? Ta ce a'a, kama ya yi mata da wani."

Ya yi dariya, ya dafa gwiwa ya miƙe.

"Ka ga mutane, Baba. Ita da ke nema, ita ke bayarwa. A yi mata addu'a, Allah ya buɗa wa mijin nata."

Ya ɗauki kwandonsa ya wuce.

Ladanin masallacin tashar ya ƙwanƙwasa lasifika da yatsa. Wurin ya yi tsit. Sai kiran salla ya tashi, gaba ɗaya tsakar gidan ya motsa, ana fasa ledojin ruwa da haƙori, ana bismilla, mai kayan gwarin nan ya farka a firgice ya kai hannu robarsa. Kowa ya sunkuya kan abin gabansa.

Ban da mutum biyu a ƙarshen layi.

Baba yana zaune yadda yake, dabino ɗaya a hagu, ɗaya a dama. Bai kai ko ɗaya baki ba. Direba ya fasa ledar ruwa da sauri, rabi ya zube a tabarma, ya miƙa masa.

"Baba, an kira. Ku sha ruwa."

"Na ji an kira."

Ya juyo da fararen idanun nan nasa daidai fuskar ɗansa, kamar yana gani. Sai ya kira shi da sunansa na yanka, wanda rabon da ya fito daga bakinsa tun ranar da aka ba yaron makullin mota.

"Abu ɗaya za ka faɗa min kafin in sa wannan a bakina. A wurin nan, mu masu bayarwa ne, ko masu karɓa?"